Fitilar Bayan Keke Mai Caji: Abin Da Mai Saye Da Ɗan Kasuwa Za Su Duba A Katuzu

GASHUWA — Abubuwa biyu da suka faru a shekarar 2023 sun sauya yanayin zirga-zirga a kan hanyoyin arewacin Jihar Yobe, kuma dukkansu sun shafi mai keke kai tsaye. A cikin watan Maris na shekarar, gwamnatin jihar a ƙarƙashin Gwamna Mai Mala Buni ta ɗage dokar hana hawa babur a ƙananan hukumomi goma, ciki har da Bade da Nguru, bayan dokar ta shafe shekara goma sha ɗaya tana aiki. A ranar 29 ga watan Mayu kuma Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, abin da ya sa farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa fiye da naira 500 cikin 'yan kwanaki, har ya haura naira 1,000 a ƙarshen shekarar 2024.

Sakamakon haka shi ne, babura sun dawo kan titi, amma tsadar mai ta hana jama'a da dama jingine kekunansu. A unguwar Katuzu da ke garin Gashuwa, kamar sauran unguwannin garin da ƙauyukan da ke kewaye, keke da babur da Keke Napep da manyan motoci suna bin hanya ɗaya, galibi a lokaci ɗaya. Daga cikinsu duka, keke ne kawai ke tafiya cikin duhu ba tare da wata alama a bayansa ba. Wannan ne ya sa ƙaramar fitilar baya mai caji, wadda ba ta kai girman kwalin ashana biyu ba, ta zama hajar da ta cancanci masu saye da masu sayarwa su yi mata nazari na tsanaki.

Matsayin keke a yankin

Idan za a iya tunawa, a shekarar 2012 ne aka hana amfani da babur a Jihar Yobe saboda matsalar tsaro. Tun daga lokacin keke ya koma ya zama abin hawan malamin makaranta da ɗalibi da ɗan tireda da manomi. Da shi ake zuwa fadamun da ke bakin Kogin Yobe, da shi ake kawo kifi da shinkafa da barkono da albasa kasuwa, da shi ake ɗauko jarkokin ruwa da damin itace. Buɗe Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a shekarar 2013, ya ƙara yawan masu kai da komowa a garin, baya ga ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman da ta daɗe a can.

Abin lura a nan shi ne lokacin da ake yin wannan zirga-zirga. Zafin rana a Gashuwa da Nguru yakan wuce digiri 40 a ma'aunin Salshiyas a watannin Afrilu da Mayu, don haka manomi yakan yi sammako tun duku-duku, ya kuma dawo da almuru. Ɗan kasuwa ma ba ya tashi daga rumfa sai ciniki ya lafa, wato wajen magariba. Waɗannan su ne lokutan da idon direba ya fi yaudararsa, domin gari bai yi duhun da fitilar mota za ta haska sosai ba, bai kuma yi hasken da za a hango mutum daga nesa ba. Idan hunturu ya shigo da hazo, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, lamarin yakan ƙara tsananta.

Lissafin a bayyane yake. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kimanin mita 22 a kowace daƙiƙa. Littafin ƙa'idojin hanya na Ingila ya ƙiyasta cewa a wannan gudu mota na bukatar mita 53 kafin ta tsaya cik, wannan kuwa idan birki na da kyau, titi a bushe yake, direba kuma a farke. Gingimarin da ta yi lodin buhunan hatsi a kan hanyar Gashuwa zuwa Nguru tana bukatar fiye da haka nesa ba kusa ba. Mai keken da ba a gan shi ba sai da aka matso shi da mita ashirin, ba shi da abin dogaro sai ikon Allah. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na shekarar 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa kowace shekara a haɗurran hanya, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma nahiyar Afirka ce kan gaba wajen yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a.

Ga iyalin da keke ne jarinsu, haɗari ɗaya yakan haɗa asara uku: lafiyar mai gida, abin hawan, da kayan da ke kansa.

Daga dainamo zuwa caji

Dattawan da suka hau keken Raleigh, wanda aka taɓa harhaɗawa a masana'antar kamfanin da ke Kano, ko Phoenix na ƙasar Sin, sun san dainamo, wato 'yar kwalbar ƙarfen nan da ke gogar taya tana ba da wuta. Amfaninta shi ne ba ta bukatar batir. Illarta kuwa, da zarar keke ya tsaya wuta ta ɗauke, tana ƙara wa mai tuƙi nauyin feda, tana kuma cin gefen taya. A cikin rairayi irin na arewacin Yobe, inda sau da yawa sai an sauka an tura keke, dainamo ba ta ba da wuta a daidai lokacin da aka fi bukatarta.

Danja, wato jan gilashin nan mai ƙyalli da ke manne a madigadin baya, ba ta da hasken kanta; sai fitilar mota ta doke ta sannan ta mayar. Idan ƙura ta rufe danjar, to babu abin da za a gani. Duk da haka ba abin yarwa ba ce, domin ba ta mutuwa, kuma ita ce madogara ranar da caji ya ƙare a hanya.

Fitila mai amfani da busasshen batir ta biyo baya, sai dai kuɗin batir ba ya yankewa, kuma da yawan masu keke sukan daina saye bayan zubi na biyu ko na uku, fitilar ta koma ado. Fitila mai caji ta magance wannan. Tana amfani da ƙananan ƙwayaye masu cin wuta kaɗan da ake kira LED, da batirin litiyam irin na wayar hannu, ana kuma cajinta da wayar caji irin ta salula.

Wutar da take sha ba ta taka kara ta karya ba. Batiri mai ƙarfin 500mAh a kan bolt 3.7 yana ɗauke da abin da bai kai wat biyu na awa ɗaya ba, ma'ana yunit ɗaya na wutar lantarki zai iya cika shi sau ɗaruruwa. Wannan na da muhimmanci a yankin da wutar Kamfanin Rarraba Lantarki na Yola, wanda Jihar Yobe ke ƙarƙashinsa, ba ta wadaci jama'a ba. Ƙaramin faifan sola na gida, ko fawa-bankin waya, ko shagon masu cajin waya na bakin kasuwa, kowanne ya isa.

Haske da daɗewar batir

Abin da ya fi jan idon mai saye a jikin kwali shi ne adadin lumen, wato ma'aunin yawan haske. Nan ne kuma aka fi yin zuƙi-ta-malle. Akwai hanya mai sauƙi ta gane gaskiya. Jan haske mai lumen 100 yana cin kimanin wat ɗaya ko fiye. Saboda haka fitilar da batirinta 500mAh ne ba za ta iya ba da lumen 100 a tsaye fiye da awa biyu ba. Duk kwalin da ya haɗa ƙaramin batir da haske mai yawa da awa goma, to ɗaya daga cikin alƙaluman uku ba gaskiya ba ne, ko kuwa an ɗauko kowanne daga salon kunnawa daban.

Ga tafiyar dare a hanyar da babu fitilun titi, ba a bukatar haske mai kashe ido. Fitila mai lumen ashirin zuwa hamsin na gaskiya ana hango ta daga nesa mai yawa. Wadda ta fi haka an yi ta ne domin tafiyar rana, kuma da dare tana iya ɗauke idon ɗan acaɓan da ke biye. Abin da ya fi ƙarfin haske muhimmanci shi ne faɗinsa. Fitilar da ake gani ta baya kawai ba ta da amfani a mararraba ko a lungunan unguwa, inda babur kan ɓullo daga gefe. Mai saye ya kunna ta, ya ja da baya taku talatin, sannan ya koma gefen dama da na hagu ya duba ko har yanzu yana ganin ja.

Dangane da salon kunnawa, ƙasashen duniya sun sha bamban. Ingila ta halatta fitila mai ƙyaftawa a jikin keke a shekarar 2005, ita kuwa Jamus dokarta ba ta yarda da ita a jikin keke ba, sai mai haske a tsaye. Kowanne na da hujja. Ƙyaftawa ta fi saurin jan hankalin direba, tana kuma ninka daɗewar caji. Haske a tsaye ya fi taimaka wa direba ya auna nisan da ke tsakaninsa da keken. Ga mai keke a Katuzu, fitilar da ke da salo biyun ta wadatar: ƙyaftawa da almuru da lokacin hazo, haske a tsaye idan dare ya yi sosai. Salo bakwai ko takwas da wasu kamfanoni ke talla da su ba su ƙara komai ba sai wahalar latsa maɓalli.

Ya kamata kuma a nemi wadda ke da 'yar alamar da ke nuna caji ya kusa ƙarewa. Fitilar tana bayan mai tuƙi ne, idan ta mutu a hanya shi ne na ƙarshen sani.

Bakin caji, ƙura da ruwa

Bakin caji iri biyu ne a kasuwa: tsohon samfuri mai suna Micro-USB da sabo mai suna USB-C. Tun daga ranar 28 ga Disamban 2024 Tarayyar Turai ta wajabta USB-C a kan sababbin wayoyin hannu da wasu ƙananan na'urori, kuma masana'antu sun karkata can. Sabon ya fi ƙarko, ana kuma soka shi ta kowace fuska. Amma ƙa'idar da ta fi dacewa da mai saye ita ce ya zaɓi fitilar da bakinta ya yi daidai da na wayar da ke aljihunsa, domin kada ya bukaci wayar caji ta biyu.

Maganar ƙura kuwa, a nan ne kayan da aka ƙera domin Turai da Amurka kan gaza a Sahel. A jikin kwali akan ga haruffan IP tare da lambobi biyu. Lamba ta farko tana nuna kariya daga ƙura, ta biyu kariya daga ruwa. Idan aka rubuta IPX4, ma'anarsa fitilar na jure fantsamar ruwa, amma harafin X na nufin ba a ba da wani tabbaci game da ƙura ba. Lamba 5 a farko na nufin ƙurar da za ta shiga ba za ta hana aiki ba, lamba 6 kuwa ba ta shiga ko kaɗan. A yankin da damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, sauran shekara kuma iska ce da rairayi, IP54 ko IP65 ya fi IPX4 ma'ana. In babu wannan rubutu, a duba murfin robar da ke rufe bakin caji. Idan sakwaf yake, ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta toshe shi.

Zafi shi ne babban abokin gabar batirin litiyam. Masu ƙera shi suna hana yi masa caji idan zafinsa ya wuce digiri 45, kuma barinsa cikin rana yana rage masa kwana. Keken da aka jingine a bakin gona daga hantsi zuwa la'asar, gara a cire fitilarsa a sa a aljihu ko a inuwa. Yin haka kuma ya raba ta da masu ɗan hali a bakin kasuwa.

Maɗauri, inda aka fi yin asara

Batirin litiyam yakan jure caji sau 300 zuwa 500 kafin ƙarfinsa ya ragu sosai. A ɗauka fitila na yin awa shida a caji ɗaya, mai ita kuma yana kunna ta awa ɗaya a kullum. Zai yi caji sau sittin ke nan a shekara, wato ko a mafi ƙarancin lissafi batirin na da shekara biyar a gabansa. Wannan ya nuna cewa ba yawan caji ke kashe irin wannan fitila ba. Abin da ke saurin raba ta da mai ita shi ne maɗaurinta ya tsinke ta faɗi a hanya.

Akasarin fitilun da ake shigowa da su an yi su ne domin keken wasanni, inda ake ɗaura su da zoben roba a jikin sandar sirdi. Keken Katuzu kuwa keken aiki ne. Kariyarsa na ɗauke da buhu ko kwando ko jarka ko yaro, kuma duk abin da aka ɗora zai rufe sandar sirdin ruf. Ko babu kaya, babbar riga ko doguwar taguwa takan sauko ta lulluɓe wurin. Fitila mafi tsada a duniya ba ta da amfani a bayan buhun shinkafa.

Saboda haka wurin da ya dace shi ne ƙarshen kariya ko kan madigadin baya, kuma fitilar da ta dace ita ce mai ramin kusa ko maƙali mai ƙarfi. Zoben roba yakan bushe ya tsage a zafin rana, ga kuma girgizar hanyar da ba kwalta. Masu gyaran keke da maƙera na iya lanƙwasa ɗan guntun ƙarfe su ɗaure shi da noti a kariya, aikin da ba ya cin lokaci. A kuma tabbatar fitilar na kallon baya sosai, ba sama ko ƙasa ba.

Ɓangaren ɗan kasuwa

Kusan dukkan waɗannan fitilu daga ƙasar Sin suke fitowa, su biyo ta Legas ko su sauka Kano, inda 'yan sari daga Yobe kan yi sayayya a kasuwanni irin su Sabon Gari. Farashinsu na bin dala. Kafin a saki darajar naira a watan Yunin 2023 ana canjin dala a kan kimanin naira 460 a hukumance, a cikin shekarar 2024 kuwa ta haura naira 1,500. A irin wannan hali jarabar da ke gaban ɗan kasuwa ita ce ya sari mafi araha domin kaya su fita da wuri. Sai dai a gari kamar Gashuwa, inda mai saye da mai sayarwa kan haɗu a masallaci da wajen suna, kayan da suka lalace cikin mako biyu sukan dawo da sunan mai shago. Araha ba ta ado.

Akwai matakan da ke rage wannan haɗari. Na farko, kafin a sari katan, a ɗauki guda biyu ko uku a cika su da caji, a kunna su a tsaye, a duba agogo. Awannin da suka yi su ne gaskiyar kayan, kuma su ya kamata a faɗa wa mai saye. Na biyu, a tuna cewa haja mai batirin litiyam ba ta son dogon zama. Idan ta daɗe a shago mai rufin kwano har cajinta ya zube ƙasa warwas, tana iya ƙin tashi. Gara a sari kaɗan-kaɗan, a ajiye a wuri mai sanyi da kimanin rabin caji, a riƙa ɗan ƙara mata bayan 'yan watanni. Duk wadda aka ga ta kumbura a ware ta, kada a yi mata caji, kada kuma a jefa ta cikin wutar shara, domin tana iya fashewa. Na uku, a tambayi dillali shaidar SONCAP ta Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, wadda ake bukata ga kayan lantarkin da ake shigowa da su.

Lokacin ciniki ma abin lura ne. Bukata ta fi ƙarfi daga kaka zuwa ƙarshen hunturu, sa'ad da kuɗin amfanin gona ke hannu, dare ya fi tsawo, hazo ya sauka, aikin fadama kuma ya kankama. Wanda ya haɗa kai da mai gyaran keke, ya sayar da fitila tare da ɗaurawa, ya ba da garantin wata ɗaya, ya fi wanda ya rataye ta a cikin leda yana jiran mai tambaya. Masu shagon cajin waya su ma suna da rabo, domin wurinsu fitilar za ta riƙa komawa.

Abin da ya rage ga hukuma

Yarjejeniyar Biyana kan zirga-zirgar hanya ta shekarar 1968, wadda Nijeriya ta shiga a shekarar 2018, ta tanadi cewa keke ya kasance da jar danja a baya, da abin da zai nuna farin haske ko rawaya a gaba da jan haske a baya. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, da aka kafa a shekarar 1988, ta daɗe tana ƙarfafa hawan keke, musamman a bikin Ranar Keke ta Duniya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 3 ga watan Yuni tun daga shekarar 2018. Amma ƙarfafa hawa ba tare da kare mahayi ba yana da tarihinsa. A shekarar 2001 Ministan Sufuri na lokacin, marigayi Cif Ojo Maduekwe, wanda ya yi ta kiran jama'a su rungumi keke, motar bas ta ture shi a Abuja yana kan kekensa.

Kame da tara ba za su yi tasiri a kan mutanen da tsadar mai ce ta mayar da su kan keke ba. Abin da zai fi amfani shi ne wayar da kai ta hannun masarautar Bade da ta Nguru, da limamai, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da makarantu, tare da sa ido a kan jabun kaya tun daga inda ake sarinsu. Ga mai keke kuwa, tambayoyi huɗu sun ishe shi a gaban mai shago: awa nawa take yi a tsaye, wace waya ke cajinta, ƙura na shiga ko ba ta shiga, kuma ina za a ɗaura ta yadda kaya ba za su rufe ta ba. Ɗan kasuwar da ke da amsar waɗannan huɗun tun kafin a tambaye shi, shi ne zai riƙe wannan ciniki a Katuzu da kewaye.